Kuɗin lauya: Ɗan kasuwa ya san farashi tun kafin a fara aiki

Ɗan kasuwar da zai sari buhu ɗari na shinkafa ya san kuɗinsu kafin a loda mota. Amma idan ya shiga ofishin wani babban lauya domin a rubuta masa yarjejeniyar haɗin gwiwa, ana iya ce masa kuɗin ya danganta da yawan awoyin da aikin ya ci. Sai an gama, takardar biya ta iso, sannan ya san nawa ake binsa. Wannan cinikin biri a sama ne.

A Amurka wannan salo ya yi ƙarfi. A 1975 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Goldfarb, ta ce jadawalin mafi ƙarancin farashi da ƙungiyar lauyoyi ke tilastawa ya saɓa doka, daga nan lissafin awa ya ƙara mamaye manyan ofisoshi. Akan kasa awa gida goma, minti shida-shida, ta yadda kiran waya na minti biyu zai iya shiga lissafi a matsayin minti shida.

Illar a fili take. Ƙwararren da ya gama aiki cikin awa biyu zai samu ƙasa da wanda ya yi ta jan ƙafa har awa biyar, matuƙar farashin awarsu ɗaya. Duk jinkiri kuma aljihun mai biya yake ci. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke rage lokacin bincike da tsara takardu, tambayar ta ƙara zafi: aikin ake saya ko zaman kujera?

Akwai mafita. Aikin da aka san iyakarsa, kamar rajistar kamfani a hukumar CAC ko takardar hayar shago, a yanke masa farashi guda. Kamfanin da kullum yake buƙatar shawara ya yi yarjejeniyar wata-wata, a rubuta abin da ke ciki da abin da ba ya ciki. Doguwar shari'a a kasa ta mataki-mataki, kowane mataki da kuɗinsa. Wajen karɓo bashi ana iya shiryawa a kan kaso daga abin da aka ƙwato, wanda ƙa'idojin aikin lauya a Najeriya suka yarda da shi a shari'un da ba na laifi ba. Idan kuma dole sai an yi lissafin awa, a sa iyakar da ba za a haura ba sai da amincewar mai biya.

Ba kira muke yi a karya farashin lauyoyi ba. A 2023 an fitar da umarnin da ya ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin aikinsu a Najeriya, gwargwadon jiha da shekarun lauya a bakin aiki, kuma ya wajabta a bai wa mai neman aiki sharuɗɗa a rubuce. Dokar aikin lauya ma ta hana lauya kai ƙarar neman kuɗinsa sai ya miƙa takardar lissafi, wata guda ya wuce.

Gaskiya ne, farashi guda na iya sa wani ya yi aikin gaggawa, ko mai biya ya riƙa ƙaro buƙatu a kan kuɗin da aka riga aka yanke. Maganin duka biyun ɗaya ne: a fayyace iyakar aikin a takarda.

Saboda haka kafin ka miƙa wa lauya takardunka, ka tambaye shi abu uku: nawa ne jimilla, me kuɗin ya ƙunsa, me zai sa ya ƙaru. Ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma su wayar da kan mambobinsu a kan haka. Mai ƙaramin jarin da ya san farashi zai je wa lauya tun ana rubuta yarjejeniya, kafin magana ta kai kotu.