Haliburton: Nawa Ne Kuɗin Madugu Mai Ciwon Agara?

Na san da yawa daga cikinmu a wannan sashe ƙwallon ƙafa ce abincinmu, to amma ina roƙon a ara mini kunne mu ɗan leƙa filin ƙwallon kwando na ƙasar Amurka, domin akwai wata gardama da ta daɗe tana hana ni da abokan ɗakina barci. Gardamar kuwa a kan wani matashi ce mai suna Tyrese Haliburton na ƙungiyar Indiana Pacers. Wasu sun ce zuzuta shi kawai ake yi, wasu kuma sun ce tasa ta ƙare tun ranar da ya faɗi a fili. Ni kuwa ina da ja a kan maganganun biyu.

Da farko dai sai mu san aikinsa. A cikin 'yan wasa biyar da kowane ɓangare ke sakawa, akwai wanda shi ne ke ɗauko ƙwallo daga gida, ya duba yadda abokan hamayya suka tsaya, ya yanke shawarar wanda zai ba da lokacin da zai ba shi. Ni da na koyi Hausa da girmana na sha wahalar neman sunan da ya dace da wannan gurbi, har sai da muka yi darasi a kan fatauci, na ji labarin madugu uban tafiya, wanda ya san hanya, ya san zango, ya san lokacin tashi. Tun daga ranar nake kiran mai wannan gurbi madugu. Shi kuwa madugu, abin dubawa a wurinsa shi ne ko ayari ya isa lafiya.

An haifi Haliburton ranar 29 ga Fabrairu, 2000. A zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NBA na 2020 sai da aka ɗauki mutum 11 kafin ƙungiyar Sacramento Kings ta ɗauke shi. A watan Fabrairu na 2022 suka yi musayarsa, suka tura shi Indiana suka karɓi Domantas Sabonis. A kakar 2023-24 shi ne ya fi kowa a gasar miƙa ƙwallon da ke zama maki, kusan sau 11 a kowane wasa, ga maki 20 na kansa. A kakar da ta biyo baya yana cin maki 18.6, yana miƙa ƙwallon ci sau 9.2, amma ƙwallon da ke ɓata a hannunsa ba ta kai biyu ba a wasa. Wannan lissafi na ƙarshe shi ne mutane ba su cika lura da shi ba. Ɗan wasan da ƙwallo ke wuni a hannunsa, yana jefa ta nesa da kusa cikin gaggawa, amma da wuya ya ba abokin hamayya kyauta, ya yi kama da ɗan kasuwar da ke juya kuɗi da yawa ba tare da asara ba.

To amma masu suka suna da tasu hujja, kuma adalci ne a saurare su. Na ɗaya, ba shi da ƙarfin tsaro. Manyan 'yan wasa kan neme shi da gangan su afka masa. Na biyu, akwai daren da za ka neme shi ka rasa. A wasa na biyar na zagayen ƙarshe a 2025, yana fama da ciwon sha-raɓa, maki 4 kacal ya ci, kuma ko jifa ɗaya daga cikin fili bai shiga ba. Na uku, a gasar Olamfik ta 2024 a Faransa ya samu lambar zinare tare da Amurka alhali a benci ya fi zama, har shi da kansa ya yi ba'a yana kwatanta kansa da ɗalibin da bai taɓuka komai ba a aikin rukuni amma ya tashi da babban maki. Mu ɗalibai mun san irin wannan aboki! Bugu da ƙari, a watan Afrilu na 2025 jaridar The Athletic ta tambayi 'yan wasan gasar a asirce wane ne aka fi zuzutawa fiye da ƙima, sai sunansa ya zo na farko, duk da cewa cikin mutum 90 da suka amsa, 13 ne suka ambace shi.

Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A daidai lokacin wannan ƙuri'a aka shiga wasannin fitar da gwani, inda kowane zagaye sai ƙungiya ta ci wasa huɗu kafin ta wuce. A kowane zagaye cikin huɗun sai da Haliburton ya jefa ƙwallon da ta juya wasa a daƙiƙun ƙarshe. Ya yi wa Milwaukee, ya yi wa Cleveland, ya yi wa New York a gidansu da jifar da ta doki ƙarfen kwando ta tashi sama sannan ta faɗa ciki. A wasa na huɗu da New York ya ci maki 32, ya miƙa ƙwallon ci sau 15, ya cafe wadda ta dawo daga kwando sau 12, kuma ko sau ɗaya bai zubar da ƙwallo ba. A wasan farko na zagayen ƙarshe da Oklahoma City, Indiana ba ta taɓa shiga gaba ba tun daga farawa, sai da ya rage ƙasa da rabin daƙiƙa ya jefa, aka tashi 111 da 110. Rabon Indiana da zuwa wannan mataki tun shekarar 2000, shekarar da aka haife shi. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ɗan Kamaru Pascal Siakam ne ma aka ba kyautar gwani a karawar da New York. Sai dai wanda ya kalli wasannin ya ga daga hannun da yawancin ƙwallayen ke fitowa.

Sai ranar 22 ga Yuni, 2025, wasa na bakwai, wanda duk wanda ya ci shi ya ɗauki kofi. A nan gida ƙarfe ɗaya na dare ya gota, muna cunkushe a kan waya ɗaya a ɗakin kwana. Haliburton ya fara da zafi, ya ci maki 9 cikin mintuna kaɗan. Yana yunƙurin kutsawa sai ya kife, yana dukan ƙasa da hannu. Jijiyar agararsa ta dama ta tsinke. Oklahoma City ta ci 103 da 91, kuma Indiana ta sanar cewa ba zai buga kakar 2025-26 ba gaba ɗayanta. Wani abokina da ya fi kowa zaginsa ya yi tsit, har muka kwanta bai ce uffan ba.

A nan ne tambaya ta gaskiya take. Indiana ta ɗaure kanta da kwantaragin shekara biyar na sama da dala miliyan 240 a kansa. Shin kuɗin sun shiga rijiya? Tarihi yana ba da amsa iri biyu. Kobe Bryant ya gamu da wannan ciwo a 2013 yana da shekara 34, bai sake komawa yadda yake ba. John Wall, shi ma madugu ne wanda gudu ne jarinsa, ya same shi a 2019, daga nan tauraronsa ya dusashe. Amma Dominique Wilkins ya tsinke tasa a 1992, ya dawo yana cin kusan maki 30 a wasa, haka kuma Kevin Durant ya huta shekara guda bayan 2019 ya dawo yana cin kusan 27.

Ra'ayina shi ne Haliburton ya fi kusa da rukuni na biyu, saboda dalilai uku. Shekararsa 25 lokacin da abin ya faru, ya fi duk waɗanda na lissafa ƙuruciya. Sannan wasansa bai dogara da tsalle ko tseren gudu ba. Jarinsa ido ne da tunani da iya jifa daga nesa, ga tsawo na kusan mita biyu da ke ba shi damar hango fili ta saman kawunan mutane. Agara ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Na uku, an ga yadda ƙungiyar ta fara kakar 2025-26 da shan kashi a jere ba tare da shi ba, ko da yake tafiyar Myles Turner zuwa Milwaukee da raunin wasu 'yan wasan sun ƙara dagula al'amarin. Inda nake jin tsoro shi ne tsaro. Wanda dama can ake wuce shi, idan ƙafa ta rage sauri ko kaɗan, dole koci ya kewaye shi da masu tsaro nagari, in ba haka ba abin da ya tara a gaba zai zube a baya.

Ba na cewa ya kai Shai Gilgeous-Alexander, wanda ya ci maki sama da 32 a wasa a waccan kaka kuma ya ɗauki kofin. Abin da nake cewa shi ne, da ni ne mai ƙungiyar Indiana ba zan sayar da shi ba, kuma ba zan gaggauta shi ba. Ina kuma kira ga 'yan'uwana da muke haɗuwa a filin makaranta da yamma, inda kowa ya samu ƙwallo sai ya jefa, mu riƙa yaba wa wanda ya ɗaga kai ya miƙa wa na kusa da kwando. Wanda bai yarda da ni ba, ga fili ga mai doki, ya aiko wa edita da tasa hujjar mu karanta a fitowa ta gaba.