Ku daina raina tsofaffin finafinan ban tsoro

1/ Jiya abokina ya same ni ina kallon Carnival of Souls, fim ɗin 1962 mara kala, wai ɓarnar data nake. To, zo mu zauna.

2/ Herk Harvey ya haɗa shi da kusan dala 33,000 kacal, cikin sati uku. Shi da kansa ya shafe fuska fari fat ya fito a fatalwa.

3/ Ba jini, ba aikin kwamfuta. Mota ta faɗa kogi da wata mata, ta fito, sai wani lokacin tana magana babu mai ganinta ko jin ta. Wallahi nan tsikar jikina ta tashi. Ihun finafinan yanzu bai taɓa yi min haka ba.

4/ Yana YouTube kyauta. Ku kalla da dare, da iyafis, sannan mu yi musu.