Kwamfutar Da Ke Ta Sake Tashi: Kada A Yi Saurin Goge Ta

Akwai wata larura ta kwamfuta da ke tayar da hankalin mai ita fiye da kima. Za a danna maɓallin kunnawa, tambarin kamfani ya bayyana, ɗigogin Windows su fara kewayawa, sai allo ya ɗauke, ta koma farko. Haka za ta yi ta yi har batir ya ƙare ko a gaji a zare waya. Idan aka kai ta shagon gyara, maganin da ake yawan fara ambatawa shi ne fomatin, wato a share duk abin da ke cikinta a ɗora sabuwar Windows. A ganina wannan shi ne maganin da ya kamata a ajiye sai ƙarshe, domin a mafi yawan lokuta na'urar lafiyarta lau, bayanan cikinta ma suna nan, abu guda ne kawai ya tsaya mata a hanya.

Ruwa ba ya tsami banza. An ƙera Windows ne ta yadda idan ginshiƙinta ya ci karo da kuskuren da ba zai iya wucewa ba, sai ta tsayar da komai don kada ta lalata bayanai, ta nuna shuɗin allo (baƙi ne a sabbin nau'o'in Windows 11) ɗauke da sunan kuskuren. Amma akwai wani saiti da ke zuwa a kunne tun daga kamfani, wanda ke umartar ta da ta sake tashi nan take. Idan abin da ya kayar da ita yana cikin abubuwan da take lodawa a duk tashi, za ta sake cin karo da shi, ta sake faɗuwa. Ma'ana, kwamfutar tana faɗin abin da ke damunta a kowane zagaye, saurin sake tashin ne ke hana a karanta.

Duniya ta ga misalin wannan a ranar Juma'a, 19 ga Yuli, 2024. Kamfanin tsaron intanet na Amurka, CrowdStrike, ya aika wani ƙaramin fayil na sabuntawa zuwa manhajarsa mai suna Falcon, wadda ke aiki a can cikin ginshiƙin Windows. Manhajar ta nemi karanta gurabe 21 na bayani alhali 20 aka tanadar mata, sai ta miƙa hannu inda ba nata ba a ƙwaƙwalwar na'ura, Windows ta faɗi. Kamfanin ya janye fayil ɗin bayan minti 78, amma aikin gama ya gama: Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Jirage sun kasa tashi, ayyuka sun tsaya a asibitoci da bankuna da gidajen talabijin. To mene ne maganin? A tayar da kwamfutar a yanayin da ake kira Safe Mode, a shiga jakar CrowdStrike, a goge fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291, a sake kunnawa. Kwamfutocin ma'aikatu ne abin ya shafa, amma darasin ya dace da ta gida: fayil guda ya isa ya hana na'ura tashi, cire shi kuma ya isa ya dawo da ita ba tare da an rasa ko shafi ɗaya ba.

Don haka, kafin a taɓa komai, sai a nemi amsar tambayoyi uku.

Ta farko: a wane mataki take faɗuwa? Idan tana ɗaukewa tun kafin tambarin Windows ya bayyana, ko ba ta ma nuna komai a allo, to matsalar ta fi karkata ga kayan ciki, kuma fomatin ba zai yi mata komai ba. Wataƙila akwatin wutar kwamfutar tebur ne ya raunana, ko caja ta lalace, ko sandar RAM ta motsa daga mazauninta, ko ƙura ta toshe fanka har zafi ya sa na'urar kashe kanta don kare kai. Duk wanda ke aiki da kwamfuta a lokacin hunturu ya san yadda ƙura ke taruwa a cikinta. A nan sai a zare duk abin da aka jona mata, da filash da firinta da sauransu, a gwada wata caja, a cire RAM a mayar, idan sanduna biyu ne a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Idan kuwa tana kaiwa ga tambarin Windows kafin ta faɗi, zargi ya fi komawa kan manhaja.

Ta biyu: me ya canja kafin abin ya fara? An yi sabuntawa daren jiya? An ɗauke wuta tana tsakiyar sabuntawar? An saka sabuwar manhajar kashe ƙwayar cuta, ko sabon direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na na'ura kamar katin hoto? Sau da yawa amsar wannan tambaya ita ce rabin gyaran, kuma mai kwamfutar ne kaɗai ya san ta. Mai gyara ba ya nan lokacin da abin ya faru.

Ta uku: me allon yake cewa? Windows 10 da 11 suna da wani ɗakin gyara da ke buɗewa da kansa idan tashi ya gagara sau biyu a jere. Idan bai buɗe ba, ana tilasta shi ta hanyar danne maɓallin kunnawa har ta mutu da zarar tambari ya bayyana, sau biyu ko uku. A ciki sai a zaɓi Troubleshoot, sannan Advanced options, sannan Startup Settings. Lamba 9 a jerin da zai fito tana hana sake tashin nan na kai-tsaye, sai allon kuskure ya tsaya a karanta shi, a ɗauki hotonsa da waya. INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE na nufin Windows ta kasa isa ga faifan da take zaune a kai. MEMORY_MANAGEMENT kan nuna RAM ko direba. Wani lokaci ma allon kan ambaci sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar. Lamba 4 kuwa ita ce Safe Mode, inda Windows ke tashi da mafi ƙarancin abin da take buƙata. Idan ta tashi a haka, alama ce mai ƙarfi cewa wani abu da aka ƙara mata ne ke kayar da ita, sai a cire shi. A ɗakin gyaran dai akwai Uninstall Updates mai janye sabuntawar ƙarshe, da System Restore mai mayar da saituna yadda suke a wata rana da ta wuce ba tare da taɓa takardu da hotuna ba.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan wahala ce, fomatin kuwa sa'a ɗaya ko biyu ne an gama. Gaskiya ne, kuma mai gyaran da ke da kwamfutoci goma a kan teburi yana da uzurinsa, domin bincike na cin lokaci kuma ba kowa ke son biyan kuɗinsa ba. Akwai ma lokacin da ba makawa sai an ɗora sabuwar Windows, kamar idan fayilolinta sun lalace ƙwarai. Sai dai a duba abin da ake ɗorawa a ma'auni. Kwamfutar malamin jami'a na ɗauke da kundin digirin da aka shekara uku ana rubutawa, ta lauya na ɗauke da takardun shari'a, ta ɗan kasuwa na ɗauke da lissafin bashi, ta iyali kuma da hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Na'ura ana sayen wata, waɗannan kuwa ba su da kasuwa. Ga kuma wata asarar: idan asalin matsalar RAM ce ko faifan da ya fara mutuwa, bayan 'yan kwanaki za ta koma gidan jiya, an rasa bayanai kuma ba a sami lafiya ba.

Ko da fomatin ya zama dole, kwashe bayanai ne farko. Ana iya tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Linux a kwafe jakunkuna zuwa wani faifai, ko a ciro faifan a jona shi da wata kwamfutar. Wannan haƙƙin mai na'ura ne, kuma babu laifi ya ce wa mai gyara kada ya share komai sai ya ga fayilolinsa da idonsa a wani wurin. A nan ne wani shinge ke ɓullowa wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Sabbin kwamfutoci da dama suna zuwa da faifansu a kulle da BitLocker, kuma ɗakin gyara zai nemi mabuɗi mai lambobi 48 kafin ya bari a shiga. A kwamfutar gida, yawanci mabuɗin yana ajiye a asusun Microsoft da aka fara shiga da shi. A rikicin CrowdStrike, neman wannan mabuɗi na cikin abubuwan da suka jinkirta gyara a ma'aikatu da yawa. Wanda ya sayi kwamfuta ta hannu, ko wani ya saita masa da asusun da ba nasa ba, yana iya wayar gari bayanansa suna nan amma ba shi da hanyar buɗe su.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kwamfuta na da lafiya ya kamata a nemo mabuɗin BitLocker a rubuta shi a takarda, a duba ko System Restore a kunne yake domin a na'urori da yawa a kashe yake zuwa, a kuma ajiye kwafin muhimman fayiloli a wuri na biyu. Kada a fara sabuntawa sai batir na da caji, ko kwamfutar tebur na jone da UPS. Wanda ya yi waɗannan, ranar da na'urarsa ta shiga wannan kewaye zai zauna ya karanta allo a natse, kuma idan ya kai ta shago, shi zai faɗa wa mai gyara inda za a fara dubawa.