Hirar Lafiyar Gida: Kujera da Bango da Matakala

A cikin watan Nuwamba na je suna wani gida a Broughton, nan Salford, na ga wani abu wanda har yau bai fita raina ba. Wata Hajiya, wadda na sani tun muna Kumasi tana sayar da atamfa a Kejetia, ta zo za ta hau bene ta gai da maijego. Matakalar ba ta wuce taki 13 ba, amma sau biyu tana tsayawa tana riƙe da katako, da ta kai sama kuwa sai da aka miƙa mata kujera. Wani dattijo daga ƙasa ya ce, "Kai, Hajiya ta ji daɗin Ingila!" Aka yi dariya, ita ma ta yi. Da muka fito na ce, "Yaya Hajiya, yaya jikin?" Ta ce, "Malam, bar shi kawai. Shekara biyu ke nan a kan kujera nake salla."

Matar nan ba ta kai shekara 55 ba. Na san lokacin da takan ɗora ƙunshin atamfa a kan gammo ta ratsa kasuwa da shi ba ta ko haki.

To, me ya same ta? Ba lalaci ba ne, kada wani ya ce haka. A gida, ko Nima ne, ko Sabon Zango, ko Kano, mace ba ta san wani abu wai shi motsa jiki ba, gama aikin yini shi ne motsa jikinta. Ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi shara da gajeriyar tsintsiya a sunkuye, ta yi wanki da hannu, ta tafi kasuwa a ƙasa ta komo a ƙasa. Da muka zo nan sai injin niƙa ya karɓe taɓarya, famfo ya karɓe tulu, injin wanki ya karɓe hannu, bas ya karɓe ƙafa. Tuwo da waken shinkafa da koko mai sukari kuwa ba wanda ya karɓe su, suna nan yadda suke, har ma nama ya ƙaru. Ga kuma hunturu. A watan Disamba rana takan faɗi a Manchester tun ƙarfe 4 ba ta cika ba, ga ruwa ga iska, wa zai ce wa uwargida ta fita yawo? Mai shago ma zaune take bayan kanta tun safe har dare.

Mu dattawa muna da namu laifi, don mun saba ɗaukar ƙibar mace shaidar cewa mijinta yana ciyar da ita. Amma likitocin ƙasar nan sun daɗe da lura cewa baƙar fata ya fi Bature saurin kamuwa da ciwon sukari, ninki 2 zuwa 4, kuma yakan kama mu tun da sauran ƙuruciya, tun ƙibar ba ta kai ta Bature ba. Saboda haka a 2022 hukumar NICE, mai tsara wa likitocin NHS ƙa'idar aiki, ta ba da wani awo mai sauƙi wanda kowace mai sayar da yadi za ta iya: faɗin ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum. A sami igiya a auna tsawo daga kai zuwa ƙafa, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita kaɗan sama da cibiya. Kadan bakin igiyar bai haɗu ba, to, da aiki. Ni ma na gwada, ba zan gaya muku yadda muka ƙare da igiyar ba.

Ga wani labari da ya kamata a sani. A 1953 wani likita a Landan, Jerry Morris, ya buga binciken da ya yi a kan ma'aikatan bas mai bene, mutum wajen 31,000. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi. Sai ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi kashe su farat ɗaya. Waɗansu suka ce ai don direbobi sun fi ƙiba ne. Ya je ya nemo awon wandunan da ake ɗinka musu na aiki, ya duba, ya ga lalle direbobi sun fi ƙugu, amma kwandasta ko da mai teɓa ne ya fi direba irinsa tsira. Watau motsin da kansa magani ne, ko ƙibar ba ta tafi ba. Shi likitan nan ya rayu shekara 99.

Shawarar manyan likitocin gwamnati ita ce babban mutum ya sami minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Da na faɗa wa Hajiya haka sai ta riƙe baki, kuma tana da gaskiya, wanda taki 13 ya gagara ba a yi masa zancen minti 150. Abin da ya kamata ta ji shi ne, tun 2019 likitocin nan suka janye sharaɗin da ke cewa sai an yi minti 10 a jere kafin ya shiga lissafi. Yanzu minti biyu ma riba ce, a tara da kaɗan da kaɗan kamar kuɗin adashi.

A fara da kujera, ita ce uwar aikin. A sami mai ƙarfi, marar taya, ba irin ta falo mai nutsewa ba, a jingina ta da bango don kada ta zame. Uwargida ta zauna a gaban kujerar, ƙafafu a ƙasa a ɗan ware, ta ɗan sunkuyo gaba, ta miƙe tsaye sarai, sa'an nan ta koma ta zauna a hankali. Zaman nan a hankali shi ne wurin wahala, shi ne kuma wurin amfani, kada a faɗa kan kujera kamar buhun gari. Sau 5 ya isa ranar farko, in 5 ta gagara a yi 3. In sai an dafa cinya ko hannun kujera, a dafa, ba abin kunya ba ne, wata rana hannun zai saki da kansa. Dalilin da ya sa na nace a kan wannan, naman cinya shi ne ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Shi ke ɗaga mutum daga sujada, shi ke hawa da shi bene, shi ke sauko da shi daga bas. In cinya ta mutu gwiwa ke biya. Kuma kada a riƙe numfashi yayin tashi, a fitar da shi, musamman mai hawan jini.

Sauran ba su da wuyar bayani. Ta tsaya gaban bango da tazarar hannu, ta dafa shi da tafi biyu daidai kafaɗa, ta lanƙwasa gwiwar hannu har fuska ta kusa bangon, ta tura ta komo, sau 5 zuwa 8. In ta ɗora ruwan shayi, maimakon ta zauna jira, ta dafa kantar kicin ta yi ta taka ƙasa a wuri guda, dama da hagu, har ruwan ya tafasa, kana ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa ta sauko kamar sau 10. Gwangwanin tumatir mai giram 400 ya isa abin ɗagawa, ɗaya a kowane hannu, tana zaune. Ba sai an sayi ƙarfe ko keke na ɗaki ba, na san gidaje uku inda keken nan ya zama wurin rataye mayafi.

Matakala a bar ta sai an yi mako biyu ko uku. Ko a sa'an nan takin ƙasa kaɗai za a yi aiki da shi: a hau, a sauko, ana riƙe da katako, da takalmi mai kama ƙafa, ba silifa ba. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan cin abinci, gama tsoka mai aiki takan janye sukari daga jini. Duka-duka minti 5 da rana, minti 5 da dare, bayan 'yan kwanaki a ƙara minti guda. Awon ƙarfin aikin kuwa a baki yake: in tana iya magana amma ba ta iya rera waƙa, daidai ke nan. In maganar ma ta gagara, ta wuce gona da iri, ta zauna.

Yanzu ga inda ba wasa. Jiki magayi ne. Tsamin cinya na kwana ɗaya ko biyu ba kome ba ne, alama ce naman ya farka. Amma gwiwar da ta kumbura ta yi zafi, a huta a nuna wa likita. Jiri ko duhun ido, a tsaya nan take. Ciwon ƙirji mai matsewa, ko mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, wannan ba na jiƙo ba ne ba na man zafi ba, a buga 999. Wadda ke da ciwon zuciya, ko take allurar insulin, ko shan ƙwayar da ke faɗar da sukari, ta fara gaya wa likitan unguwa kafin ta soma, ta kuma ajiye abu mai zaƙi kusa. Duk wanda ke tsakanin shekara 40 da 74 kuma ba a riga an same shi da irin waɗannan cututtuka ba, yana da hakkin gwajin lafiya kyauta a NHS kowace shekara 5. Wasiƙar takan zo, mukan tura ta ƙarƙashin takardun wuta.

Kada kuma a ɗora rai a kan sikeli. Motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da ƙiba da sauri, sai an taɓa malmalar tuwo da sukarin shayi, wannan kuwa hirar wata rana ce. Abin da za a fara gani shi ne numfashi ya daɗa tsawo, barci ya yi daɗi. In an dace an rage nauyi, masu bincike a Amurka sun auna a 2005 cewa kowane kilo guda da ya tafi yakan sauke wa gwiwa kamar kilo 4 a kowane taki. Masu niyyar Makka su tuna safa da marwa kaɗai ta kai kilomita 3, ban da ɗawafi.

Ku kuma Alhazai, kalma guda ta ba'a takan kashe aikin wata guda. Mace mai jiki ta riga ta sha kunya a wurin awon tela da kujerar bas, in ta tashi tana dafa bango a ɗakinta ba ta bukatar mai leƙe yana murmushi. Ku kama yara ku ba ta minti goma, ko ku jawo taku kujerar, gama igiyar nan ba mata kaɗai take ƙin zagayawa ba. In bazara ta shigo ga Peel Park a bakin kogin Irwell, tun 1846 aka buɗe shi don talakawa masu aikin masaƙa su sha iska, akwai hanya shimfiɗaɗɗiya da bencin hutawa. 'Yan'uwanmu na Birmingham suna da Cannon Hill.

Shekaranjiya Hajiya ta bugo mini waya. Ta ce da 3 ta fara, tana dafa cinya, yanzu tana yin 12 ba dafawa, benen gidanta kuma sau ɗaya take tsayawa. Sikeli bai motsa ba ko kaɗan, har ta yi fushi ta tura shi ƙarƙashin gado. Salla tana nan a kan kujera tukuna, ta ce sai likita ya duba gwiwar hagu a wata mai zuwa za ta gwada sauka ƙasa.