Kuturta Ta Sami Magani, Saura Ƙyama

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san inda muka ajiye kuturu. A bakin kasuwa ko ƙofar masallaci yake wuni, akushinsa daban, moɗarsa daban, in kuwa ya nemi aure sai a nuna masa kuturwa 'yar'uwarsa. Har sarauta aka yi musu ta kansu, wato Sarkin Kutare, don su ji da al'amuransu can gefe guda. Kakanninmu suna da hanzari, domin a zamaninsu ba a san asalin cutar ba, balle maganinta. Mu kam ba mu da shi, kuma a ganina ƙyamar da muke nunawa ita ce sandar da kuturta take dogarawa a yau.

Tun a shekarar 1873 wani likita mai suna Hansen, mutumin ƙasar Norwe, ya gano ƙwayar da ke haddasa ta. Ba gadonta ake yi ba, cin kifi da nono kuma ba ya kawo ta. Tana yaɗuwa ne ta danshin hanci da baki, shi ma sai an daɗe ana cuɗanya da wanda bai fara shan magani ba, kuma kimanin mutum 95 cikin 100 jikinsu yana iya kashe ƙwayar da kansa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da ita, daga 1995 kuwa aka shiga ba da su kyauta. Wata 6 ko 12 ake sha, kuma da zarar an fara sha mai cutar ya daina yaɗa ta. A 1998 Nijeriya ta kai matsayin da masu cutar ba su kai mutum 1 cikin 10,000 ba, amma duk da haka kowace shekara ana samun sababbi fiye da 1,000, wasunsu kuma ba sa zuwa asibiti sai sun riga sun nakasa.

To, me ke hana su zuwa da wuri alhali magani kyauta ne? Kuturta takan fara da ɗan tabo mai haske a fata, wanda in an taɓa ba a ji. Matar da ta ga irin wannan a bayanta ta san abin da zai biyo baya in magana ta fita: miji ya juya baya, maƙwabta su daina sayen ƙosanta, masu neman 'ya'yanta su janye. Saboda haka sai ta rufa da zane ta yi shiru, ƙwayar kuwa tana can tana cin jijiyoyi har hannu ya daina jin zafi. Daga nan wuta ta ƙone ta ba ta sani ba, ƙaya ta soke ta ba ta ji ba, gyambo ya shiga, yatsu su lalace. Tsoron bakin mutane ne ya jawo wannan jinkiri, jinkirin kuma ya jawo nakasa.

Wani zai ce ai guje wa cuta wajibi ne. Gaskiya ne, amma wanda ya gama shan magani babu abin gudu a jikinsa, ko da yatsunsa sun gundule, tabon yaƙin da ya wuce ne kurum. Ina dalilin da za a ci gaba da tsangwamar mazauna Yadakunya a Kano ko Amanawa a Sakkwato, inda aka kafa matsugunan masu cutar tun zamanin Turawa, har da jikokinsu waɗanda ba su taɓa yin ta ba?

Ya 'yan'uwana ɗalibai, kada mu ce wannan aikin likitoci ne. Su sun sauke nasu nauyin, abin da ya rage na harshe ne, harshe kuwa shi muka zo karantawa. Mu ne za mu tsara bayani da wasan kwaikwayo cikin Hausar da wanzami da ungozoma za su gane, tun da su ne kan fara ganin fatar mutane, mu kuma kai wa limamai da masu unguwanni hujja a hannu. Mu daina zagi da kalmar kuturu. Hausawa sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, wato mai abin hannunsa ba a kore shi. Ashe sadaka kaɗai ba ta isa ba, sai mu sayi hajarsu, mu sa 'ya'yansu makaranta ɗaya da namu, mu tsaya sahu ɗaya da su. Ranar da mai tabo ya daina jin kunyar nuna shi, ranar kuturta za ta rasa wurin ɓuya. Allah ya sa mu dace.