Faifan DVD ba ma'ajiya ba ne, mu kwashe tarihinmu kafin ya goge

Yau maganata kan wani abu ne da kusan kowane gida a Kano yake da shi a ƙasan akwati ko saman kwaba: faifan bidiyon biki, na suna ko na saukar Alƙur'ani. Da yawanmu mun ɗauka tunda yana ajiye, to yana nan lafiya. Ba haka ba ne fa.

Faifan da aka buga a masana'anta daban, wanda mai shago ya ɗora maka bidiyo a kwamfuta daban. Na farko hatimi aka danna masa a jikin roba. Na biyu kuwa wani siririn rini ne a cikinsa, hasken lesa ya bi yana ƙona shi, wannan ƙunar ita ce bidiyon naka. Rini kuma ai kowa ya san halinsa: rana, zafi da laima suna cinye shi a hankali, ko da ba a taɓa faifan ba.

Faifai mai hawa biyu, wanda ya shigo kasuwa a 2004, ya fi ruɗar mutane. Yana ɗaukar gigabait 8.5, mai hawa ɗaya kuma 4.7, don haka mai ɗaukar hoto zai iya zuba kamu da ɗaurin aure da yini duk a faifai guda. Sai dai rinin nasa shimfiɗa biyu ne, dole hasken ya ratsa ta farko kafin ya karanta ta biyu. A daidai inda ake sauya hawa ne na'ura ta fi maƙalewa, musamman idan faifan mai araha ne, ko an ɗora shi da gaggawa ba a duba ba.

Yanzu ka dubi inda muke ajiye su. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, balle ɗakin kwano a bayan kamfanonin Sharada ko Challawa. Hunturu ya zo da ƙura, a goge faifan da bakin riga, ya karce. Damina ta kawo laima. Wallahi faifan da ya jure wannan shekara da shekaru ya yi ƙoƙari.

Abin ya wuce bidiyon biki. Bompai, Sharada da Challawa su ne suka sa ake kiran Kano cibiyar masana'antu a Arewa: masaƙu, kamfanonin jima, na roba, na alewa da na mai. Da yawa sun rufe, wasu sun koma sito. Iyayenmu da suka yi aiki a can sun tsufa. Hotunan walimar ma'aikata, taron ƙungiya da yadda injina ke aiki, in an ɗauka, suna kan kaset ne ko irin wannan faifai. Haka finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa waɗanda suka cika Ƙofar Wambai a zamanin CD. Ɗalibin da zai yi bincike nan da shekara 20, me zai kalla?

Wani zai ce ai sai a tura a filashi ko memori. To su ma suna mutuwa, kuma ba sallama. YouTube ma ana rufe shafi. Maganin shi ne kada ka dogara da wuri ɗaya: kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani gida ko a intanet. Kuma a yi da wuri, don sababbin kwamfutoci ma sun daina zuwa da wurin saka faifai.

'Yan uwana matasa, nan akwai sana'a. Mai kwamfuta da na'urar karanta faifai zai iya buɗe teburi a unguwa yana kwashe wa mutane bidiyonsu. Sassan koyon aikin jarida a makarantunmu su sa ɗalibai su tattaro na tsofaffin ma'aikata, Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa ta karɓa ta adana.

Kai kuma, wannan makon ka ɗauko na gidanku ka gwada. Wanda ya buɗe, kwafe shi a ranar. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.