Minti Ɗaya Bayan Ƙararrawa

Daga asuba har lokacin kashe fitila, ƙararrawa ce ke kora mu. Ta kaɗa mu tashi, ta kaɗa mu yi shara, ta kaɗa mu shiga aji. Sau da yawa jiki kan isa wurin, amma hankali yana baya. Muna zaune a ajin Tarihi, zuciya tana wajen lissafin da ya gagare mu ɗazu. Muna waƙa a sujada, muna tunanin layin famfo.

Wannan ba halin ɗalibai kaɗai ba ne. A 2009 wata mai bincike a Amurka, Sophie Leroy, ta nuna cewa in mutum ya bar wani aiki, musamman wanda bai gama ba, hankalinsa kan maƙale a can, sai aiki na biyu ya yi rauni. Maganin da muke gani shi ne a ɗan dakata tsakanin aiki da aiki.

Wasu za su ce ɓata lokaci ne. To, mu dubi ɗakin tiyata, inda lokaci ya fi tsada. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin abubuwan da za a tabbatar a kowace tiyata. A ciki har da cewa kafin a sa wuƙa kowa ya tsaya, a faɗi sunan majiyyaci, da aikin da za a yi masa, da wurin da za a yanka. Da aka gwada jerin a asibitoci 8, har da ɗaya a Tanzaniya, masu mutuwa sun ragu daga 15 cikin 1,000 zuwa 8. In likita na iya tsayawa, mu me zai hana mu?

Saboda haka muna roƙon malamanmu su ba mu minti ɗaya na shiru a farkon kowane darasi. Mu rufe littafin baya, mu ja numfashi a hankali sau uku, mu tambayi kanmu: ina nake, me na zo yi? Mai son addu'a ya yi a zuciyarsa. Darasi 8 a rana, minti 8 ke nan.

'Yan'uwa ɗalibai, kada mu jira sai an sa doka. Mu tsaya kafin mu taɓa abinci, kafin mu buɗe takardar jarrabawa, kafin mu mayar wa abokin da ya ɓata mana rai magana. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Mu gwada daga zango mai zuwa.